Yadda Ake Noman Ramar Gargajiya, da Shanya Ganyenta, da Jiƙa Ɓawonta

Yawancin manoman ƙasar Hausa ba sa ware wa rama gona. A bakin iyaka ake yafa ta, ko a tsakanin kunyoyin gero da dawa, ko a bayan gida inda shara ta taru. Ta tashi da kanta, mata su tsinki na kwaɗo, in kaka ta yi a sare abin da ya rage a yi igiyar ɗaurin darni. Ga mai neman ɗan na cefane wannan ya wadatar. Amma wanda ke son rama ta ba shi abin kirki, ko busasshen ganye na sayarwa da rani, ko farin zare mai ƙarfi, ko iri na baɗi, sai ya san cewa waɗannan ukun ba sa fitowa da kyau daga tsiro ɗaya. Ramar da ake yawan tsinke wa kai don ganye ba ta miƙewa, rassa take yi, zarenta ya zama guntu-guntu. Wadda aka bari ta ƙosa don iri kuwa ɓawonta ya riga ya tsufa ya yi kaushi. Don haka tun kafin ka ɗauki fartanya ka yanke abin da kake nema. In duka ukun ne, raba filin gida uku, kowanne da irin hidimarsa.

Zaɓen iri

Rama 'yar gida ɗaya ce da kuɓewa da yakuwa da auduga, masana kuma suna kiranta Hibiscus cannabinus. Asalinta nan Afirka ne, shi ya sa kusan kowane yanki ke da irinsa da aka gada. Akwai mai jan kara, akwai mai koren kara wadda ake ce wa farar rama. Akwai mai ganye a dunƙule, akwai mai ganye da ya rabu yatsu uku, biyar ko bakwai. Ita mai yatsun ma da dunƙulallen ganye take fara tasowa, sai ta yi tsawo rabuwar ke bayyana, don haka kada ka yi saurin cewa an sayar maka da wani iri daban. Wasu suna da ƙananan ƙayoyi a kara masu kartar hannu, wasu sumul. Idan zare kake nema, nemi mai dogon kara marar ƙaya wadda ba ta saurin fure. Idan ganye ne, bi bakin matan gidanka, su suka san wadda tsaminta bai yi yawa ba kuma ba ta yauƙi a tukunya.

Akwai ingantattun iri. Cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ta fitar da Ifeken 100 da Ifeken 400, akwai kuma na ƙetare irin su Cuba 108 da Tainung 2. Duka don zare aka tace su, kuma suna yin sa. Ni dai ga ƙaramin manomi irin gida na fi so, saboda dalili ɗaya: rama da tsawon yini take aiki. Muddin yini na da tsawo, girma kawai take yi. Da zarar ya fara gajarcewa ya sauko ƙasa da kamar awa 12 da rabi, sai ta juya ga fure, girman kara ya ragu ƙwarai. A ƙasarmu furen yakan bayyana daga Satumba zuwa Oktoba. Irin da kakanni suka daɗe suna shukawa a garinku ya riga ya daidaita da daminar garinku, yana fure lokacin da ruwa ke janyewa, ƙwayarsa ta bushe cikin iskar kaka. Baƙon iri yana iya yin fure tun marka ba ta wuce ba, ƙwansonsa ya ruɓe a jikin kara.

Ƙwayar rama na da mai, wajen kashi 20 cikin 100, shi ya sa ba ta jure ajiya. A ɗaki mai zafi da laima ƙarfinta kan fara raguwa tun shekara ba ta zagayo ba. Kafin shuka ka gwada: ƙirga ƙwaya 20, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 5 buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, irin lafiyarsa ƙalau. In ba su kai 12 ba, ko ka ninka abin da za ka zuba ko ka nemi wani.

Wani abu kuma da ya kamata mai shuka rama mai yatsu ya sani, musamman a bakin hanya ko cikin gari: ganyenta daga nesa yana kama da na tabar wiwi, wadda nomanta laifi ne babba a Nijeriya, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma tana bin sawunsa. Ba su haɗa dangi ba, rama ba ta da abin da ke bugarwa ko kaɗan. Yatsun ganyen rama a haɗe suke daga gindi, ɗanɗanonsa tsami ne, ba shi da wari, furenta kuma babba ne fari-fari mai ratsin ɗorawa da jan ciki, irin na kuɓewa. Duk da haka, in filin da yawa ne, gara mai unguwa da maƙwabta su san abin da ka shuka, ko ka zaɓi mai dunƙulallen ganye ka huta da bayani.

Ƙasa da taki

Rama na son jigawa mai ɗan ƙarfi wadda ruwa ba ya kwanciya. Tana ƙarama in ruwa ya tsaya mata kwana biyu sai ta yi rawaya ta mutu. Ruwan sama na milimita 500 zuwa 600 cikin wata huɗu ya ishe ta, wato daga Zariya har Maraɗi tana yi, sai dai tsawon kara ya bambanta.

Babban abokin gabarta a cikin ƙasa yake: wasu 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Su ne dai ke damun kuɓewa da tumatir da taba. In bara ɗaya daga cikin waɗannan ka shuka a wurin, tumɓuke tsohon tushe ka duba. Ka ga saiwar ta yi ƙuraje, canza wuri. Filin da aka cire gero, dawa, masara ko gyaɗa shi ya fi.

Ka yi kaftu mai kyau, ƙasa ta yi laushi, domin ƙwayar ƙarama ce. Takin gargajiya da ya ruɓe, na shanu ko na awaki, shi ne gaba, a baza shi kafin kaftu. Mai hali ya ƙara da buhu 4 na takin zamani NPK 15-15-15 a hekta lokacin shuka, sannan buhu 1 ko 2 na yuriya bayan mako 4 zuwa 6. Ɓangaren iri kada ka cika masa yuriya, ganye zai yi ta yi ya manta da 'ya'ya.

Shuka

Ɓangaren zare shi ake fara shukawa, da zarar ruwa ya zauna. A Kaduna da Zariya daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, a Kano da Katsina da Sakkwato daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Tunda ranar furenta ba ta matsawa, kowane mako da ka makara tsawon kara ne ka rage wa kanka. Wadda aka shuka da wuri a ƙasa mai taki tana kai mita 3 zuwa 4. Wadda aka shuka ƙarshen Yuli da ƙyar ta wuce kan mutum.

A nan cunkoso ake so. Ja layi da tazarar santimita 25 zuwa 30, ka zuba iri siriri, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba, ka rufe da ƙasa kaɗan. Kilo 15 zuwa 20 ya ishi hekta in a layi ne, in yafe ne sai ya kai 25 zuwa 30. Ga mai ɗan fili mita 10 a mita 10, giram 200 ya wadatar. Cikin kwana 3 zuwa 7 za ta fito. Bayan mako 2 zuwa 3 ka rage ta, ka bar santimita 5 zuwa 8 tsakanin tsiro da tsiro. Matsin nan shi ke hana ta rassa, kowace na neman rana sai ta miƙe siririya. Wanda ya saba da shuka kuɓewa zai ga kamar ɓarna ce, amma kara mai kaurin babban yatsa ya fi mai kaurin sanda ba da zare mai laushi. Abin da ka cire wajen ragewa kuma shi ne kwaɗon farko na shekara.

Ɓangaren ganye a ba shi sarari, santimita 40 zuwa 50 tsakanin layuka, 20 zuwa 30 tsakanin tsirrai. Kada a shuka shi rana ɗaya. A raba shi kashi biyu ko uku da tazarar mako 3, don ɗanyen ganye ya riƙa samuwa har ƙarshen damina. Masu lambu na iya yin ta da rani, amma wadda aka shuka cikin hunturu tana ƙarama take fure saboda gajartar yini, ganyenta bai taka kara ya karya ba. Shukar bazara ta fi ta albarka.

Ɓangaren iri kuwa ba ya bukatar gaggawa. Shukar Yuli ta yi, da tazarar santimita 60 zuwa 75 tsakanin layuka da 25 zuwa 30 a cikin layi. Gajeren tsiro mai rassa ya fi sauƙin girbi, iska kuma ba ta kayar da shi.

Noma da ƙwari

Noman firi bayan mako 2 zuwa 3, maimai bayan mako 5 zuwa 6, shi ke nan. Daga nan rama ta rufe ƙasa, ciyawa ba ta sake samun ta.

Ƙwaron da ya fi damun ta shi ne ɗan ƙaramin nan mai tsalle da ke huda ganyen kuɓewa. Ga ɓangaren zare ba wani abin tashin hankali ba ne in ta wuce gwiwa. Ga na ganye kuwa shi ke karya farashi. Barbaɗa toka da sassafe raɓa na jikin ganye yana rage shi, haka ma ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, sai dai a dakata da fesa shi mako guda kafin tsinka saboda ɗaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauko ragowar maganin wake ko na auduga a fesa wa ganyen da za a ci jibi. Ganyen rama ba a ɓare shi, abin da aka zuba masa shi ake kai wa baki.

Tsinkar ganye da shanya

Uwargida, nan wurin naki ne. Idan tsiro ya kai gwiwa, a tsinke kansa kamar tsawon tafin hannu. Zai fitar da rassa biyu ko uku, bayan mako 2 zuwa 3 a sake tsinkar kawunansu. Ana iya yin haka sau 4 ko 5 kafin fure. Da fure ya fara, ganye na ƙanƙancewa ya yi tauri, tsaminsa ya ƙaru.

Ganyen ajiya kada ki yi shi cikin marka. Iska cike take da laima, kafin ya bushe ya yi baƙi ya kama fumfuna. Ki jira Satumba, lokacin da rana ta fara samun kwana biyu uku a jere. Ki tsinka da hantsi bayan raɓa ta bushe, ki cire sandunan ganyen da duk wanda ƙwari suka cinye, ki wanke sau biyu don yashi, ki tsane a kwando.

Hanya biyu ce daga nan. Ta farko a baza shi ɗanye. Ta biyu a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a tsame, a matse, a warware, sannan a baza. Ta biyun ta fi wahala amma ta fi riba: tsamin ya ragu, launin ya daɗe, kuma da rani in an jiƙa shi ba ya cin itace wajen dahuwa. Kada ki bar shi ya nuna a wuta, tsomawa ce kawai. Wanda ya dahu lugub in ya bushe dunƙulewa yake yi ya zama baƙi.

Wajen bazawa, tabarma mai tsabta a kan gado ko rumfa, ba a ƙasa ba inda kaji da awaki da ƙura ke bi. A baza shi siriri, kada ganye ya hau ganye da kauri. Rana tsaka mai ƙuna tana kashe koren ganye ya koma ruwan ƙasa, don haka zaure mai iska ko ƙarƙashin rumfa ya fi. In babu, a ba shi ranar safe, a janye shi inuwa kafin azahar. A riƙa juyawa sau biyu a yini, a kwashe kafin magariba, domin raɓar dare ɗaya tana mayar da aikin jiya baya. Kwana 2 zuwa 4 ya isa. Alamar ya yi ita ce in kin damƙa ya karye da ƙara ya zama gari. In ya lanƙwashe bai karye ba, da saura.

A bar shi ya huce kafin a zuba a buhu, a rataye buhun nesa da bango da ƙasa, a ɗaki mai duhu. Bayan mako guda a buɗe a sa hannu can tsakiya. In an ji sanyi-sanyi ko laushi, a sake bazawa yini ɗaya. Ramar da aka yi wa haka tana kai wa bazara, lokacin da ɗanyen ganye ya yi tsada, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, ko a zuba a faten tsaki ko dambu.

Saran kara

Lokacin sara shi ne farkon fure, idan ka ga furanni sun fara buɗewa nan da can a filin amma ƙwanso bai ɗaure ba. Yawanci wata 3 zuwa 4 ke nan bayan shuka. Ka sara kafin haka, zaren ya yi laushi amma ba ƙarfi kuma ba nauyi. Ka bari ƙwanso ya ƙosa, ɓawon ya manne wa kara, zaren ya yi kaushi yana karyewa.

Sara da lauje ko adda dab da ƙasa, domin ɓawon gindi shi ya fi kauri. Ware karan gida biyu tun a gona, masu kauri daban, sirara daban, don ba sa nuna a ruwa lokaci ɗaya. Ɗaure su dami-dami ƙanana, wanda hannu biyu za su zagaye, kada ɗaurin ya yi tsauri. Jingina su ko kwantar da su a gona kwana 2 zuwa 4, ganye ya yi yaushi ya zube da girgizawa. Ganyen nan dabbobi na son sa ƙwarai, in kuma an bar shi a gona taki ne. Kada dai a wuce kwana 4, in kara ya bushe ruwa ba ya ratsa shi da wuri.

Ɗanyen ɓawo

Igiyar ɗaurin darni, jinka, zana ko damin hatsi ba ta bukatar jiƙo. Ranar da aka sare, tun kara na ɗanye, a karya shi kusa da gindi, a kama ɓawon a ja shi zuwa sama. Yana saɓulewa dogo guda biyu ko uku. A rataya shi a rana ya bushe, a naɗe a ajiye. Ranar aiki a tsoma shi a ruwa na ɗan lokaci ya yi laushi, a ɗaura, in ya bushe ya ƙara tsukewa. Wannan ita ce hanyar da kowa ya sani, kuma ga aikinta babu abin da ya fi ta sauƙi. Amma ba a tufka igiyar guga ko ta turke mai daɗewa da shi, ba kuma mai sayen zare da zai karɓa.

Jiƙo

Zaren rama a cikin ɓawo yake, wani danƙo ya manne shi da fatar waje da kuma karan ciki. Jiƙo shi ne a bar ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwa su cinye danƙon nan su bar zaren. Kamar jiƙon geron koko ne: ka tsame da wuri bai yi ba, ka manta da shi ya zarce ya lalace. A nan mafi yawan masu rama ke asarar wahalarsu.

Ruwan da ya fi shi ne mai tsabta mai tafiya a hankali, kamar gefen rafi ko ƙorama, zurfin kamar mita ɗaya. Ruwa mai gudu da ƙarfi yana wanke ƙwayoyin, jiƙon ya ƙi nuna. Kududdufi mai laka yana nuna shi da wuri, amma zaren ya fito da duhu. Kada a kuskura a jiƙa a tafkin da mutane ko dabbobi ke sha, ko inda ake kamun kifi. Ruwan jiƙo yana wari, yana kuma kashe kifi a ruwan da ba ya tafiya. Ka kuma tuna tafkunanmu da yawa na ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini. Wanda zai daɗe tsaye cikin ruwa ya sa dogon takalmin roba, kuma ba aikin da za a tura yara ba ne. Wanda ke da hali ya haƙa raminsa kusa da rijiya ko a fadama, ya shimfiɗa tamfol, ya cika da ruwa. Wannan ya fi kwanciyar hankali.

Gindin kara ya fi kansa kauri da tauri. In ka nutsar da dami gaba ɗaya rana ɗaya, kafin gindi ya nuna kai ya ruɓe. Saboda haka fara tsayar da damman a tsaye, gindinsu cikin ruwa kamar zuwa gwiwa, kwana 2 zuwa 3. Bayan nan ka kwantar da su, jeri ɗaya a miƙe jeri na biyu a gicciye, ka danne har ruwa ya rufe su da kamar faɗin tafin hannu. Kada su taɓa lakar ƙasa, kada kuma su leƙo sama, duk inda ya leƙo ba zai nuna ba. Abin dannewa ya zama duwatsu ko buhunan yashi. Kada ka yi amfani da ƙasar laka, ko tsohon ƙarfe mai tsatsa, ko ɗanyen itace irin su bagaruwa da mangwaro. Abin da ke sa majema neman bagaruwa shi ne zai rine maka zare ya yi duhu, kuma ba ya fita da wanki.

Tsawon jiƙo zafin ruwa ke yanke shi. A ruwan Satumba da farkon Oktoba mai ɗumi, kwana 10 zuwa 15. In aka bari sanyin hunturu ya shigo, yana iya haura mako 3, zaren kuma ba ya yin kyau kamar na farko.  Kada ka dogara da lissafin kwana. Daga rana ta 7 ko ta 8 ka riƙa zaro kara biyu uku daga tsakiyar dami kullum. Murza gindin da yatsa. In fatar waje ta zame da santsi, zaren ya rabu da kara ba tare da ka ja da ƙarfi ba, kuma silin zaren suna rabuwa da juna, ya nuna. In sai ka sa farce, mayar da shi. In kuwa ka ja sili ya tsinke a hannunka ba ƙarfi, ka makara, sai ka kwashe duka a ranar ka ceci abin da ya rage. Tsakanin nuna da zarcewa kwana 2 ne kacal a ruwa mai ɗumi, don haka kada ka jiƙa abin da ya fi ƙarfin masu wankinka. Gara ka riƙa sa dami kaɗan-kaɗan, kwana biyu-biyu a tsakani.

Inda ruwa ya yi ƙaranci, saɓule ɓawon tun yana ɗanye kamar yadda aka faɗa a sama, ka naɗe shi ƙawanya-ƙawanya sako-sako, ka jiƙa ɓawon kaɗai a duron roba. Ruwan da yake ci kaɗan ne, kuma cikin kwana 5 zuwa 10 ya nuna. In ka zuba bokiti ɗaya na ruwan tsohon jiƙo a cikin sabon, yana saurin kamawa. Ruwan da ya rage a zuba a gona nesa da rijiya.

Wanki da shanyar zare

Kama kara biyar ko shida a hannu, bubbuga gindinsu da ɗan itace har zaren ya saki, karya karan kamar kamu ɗaya daga gindi, ka naɗe zaren a hannu kana fizga cikin ruwa, karan ciki zai zame ya fita. Sai ka kama zaren daga tsakiya kana kaɗa shi a ruwa mai tsabta, gaba da baya, har danƙo da ɓurɓushin fata su fita duka. Danƙon da aka bari shi ke sa zare ya bushe ƙiƙam kamar ba a jiƙa ba. Matse, ka warware, ka rataya a igiya ko gora, gindi duk a gefe ɗaya. Kwana 2 zuwa 3 a rana, ana kwashewa da yamma. Zare mai kyau fari ne mai ɗan sheƙi, dogo, ba ƙulli.

Kada yawan kara ya ruɗe ka. Ɗanyen kara kilo 100 zare kilo 4 zuwa 5 yake bayarwa in ya bushe, hekta mai kyau kuma tan 1 zuwa 2. Kafin ka shuka da yawa ka san wanda zai saya. A shekarun 1960 an kafa masana'antun buhun algarara a Jos da Badagry da niyyar su riƙa cin ramar gida, an ƙarfafa wa manoma gwiwa, daga baya duka suka tsaya. Yau kasuwar da ke hannu ita ce ta masu tufkar igiya a kasuwannin ƙauye, kuma tufkakkiyar igiya ta fi ɗanyen zare kuɗi nesa ba kusa ba. Wajen tufka a ɗan yayyafa wa zaren ruwa, a murza sili biyu a cinya zuwa gefe ɗaya, a bar su su naɗe juna ta ɗaya gefen, ana ƙara sabon zare kafin tsohon ya ƙare, kada mahaɗar biyu ta faɗo wuri ɗaya. Igiyar turke da ta guga a yi ta da uku.

Karan ciki da ya rage fari ne marar nauyi. A shanya shi, yana kama wuta nan da nan, ana kuma yin ɗan shinge da shi ko a farfasa a shimfiɗa wa dabbobi, yana shan fitsari sosai.

Ajiye iri

Rama yawanci da kanta take barbarar kanta, amma ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa waccan. In kana son jar rama ta zauna ja, fara ta zauna fara, kada ka jera su kusa. Raba su da gonar dawa ko gero a tsakani. Kafin fure ka zaga ɓangaren iri ka tumɓuke duk wadda ta fita daban, da mai cuta, da wadda ta yi saurin fure fiye da 'yan'uwanta. Kada kuma ka ɗebi iri daga tsiro ɗaya ko biyu don sun fi kyau. Ɗebo daga 30 ko fiye, don irin ya riƙe ƙarfinsa.

Ƙwanso na nuna daga ƙasa zuwa sama, kamar mako 5 zuwa 6 bayan fure. Irin gida yana da halin fashewa ya zubar da ƙwaya, don haka ba a jiran na sama. Idan na ƙasa da na tsakiya sun bushe sun yi ruwan ƙasa, ƙwayar ciki ta yi baƙi-baƙi ta yi tauri, a sare da safe tun da sauran raɓa. A wannan lokacin jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke bin auduga yana taruwa a ƙwanso yana tsotse ƙwaya, sai a kakkaɓe shi cikin bokitin ruwan sabulu. A tsayar da damman a kan tamfol mako guda, a bubbuga da sanda, a sheƙe. Ƙwanson na da gashi mai ƙaiƙayi, a sa riga mai dogon hannu a rufe hanci, mai shiƙa kuma ta juya wa iska baya.

A ƙara shanya ƙwayar kwana 3 a inuwa mai iska, har in an ciza ta fashe da ƙara. A gauraya ta da toka mai sanyi da aka tankaɗe, a zuba a kwalba ko jarka mai murfi, a cika ta har baki, a toshe, a rubuta sunan irin da shekara a jiki, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da madafa da rufin kwano. Ko shekarar da ba ka da niyyar noman rama, ka shuka layi biyu na kowane iri don sabunta shi, domin wanda ya kwana damina biyu a kwalba sau da yawa ba ya tashi.